"Ai yaro ne, zai manta": yadda firgici ke bin mutum daga goyo har furfura

Akwai wata magana da ta daɗe tana ci min rai duk sanda na ji ta. Wani mummunan abu zai faru a gida, hatsarin mota ko gobara ko 'yan fashi ko mutuwar fuju'a a gaban idon kowa, sai kaga an taru ana ta ba manya baki, amma ƙaramin da yake raɓe a gefe yana kallon komai sai a ce a ƙyale shi, ai yaro ne bai san komai ba, zai manta. Wallahi cikin duk waɗanda suke wajen shine wanda abun zai fi daɗewa a jikinsa, kawai dai bashi da bakin da zai faɗa ne.

Abun da likitocin ƙwaƙwalwa suke kira tiroma, ni firgici nake ce masa ko tabon firgici, saboda ba abun da ya faru ɗin kaɗai ake nufi ba, ana nufin abun da ya bari a cikin mutum bayan ya wuce. A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan ƙaramin sashe da ake kira amigdala, aikinsa kamar mai gadi ne, da ya hango hatsari zai kaɗa ƙararrawa, jiki ya saki sinadaran adirinalin da kotizol, zuciya ta hau bugu, numfashi ya ƙaru, mutum ya gudu ko ya yi faɗa ko kuma ya sandare a wajen ya kasa ko motsi. Wannan rahama ce, da ita ake tsira. Matsalar tana zuwa ne idan hatsarin ya wuce amma mai gadin ya ƙi komawa ya zauna, wata uku, shekara biyu, shekara talatin yana ta kaɗa ƙararrawa akan ƙarar ƙofa ko warin hayaƙi. Shine abun da ake kira PTSD, sunan da ya shiga kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka a 1980 bayan sojojin da suka dawo daga yaƙin Biyetnam sun matsa lamba a yarda cewa abun da ke damunsu ciwo ne na gaske. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na mutane zasu gamu da irin wannan mummunan abu aƙalla sau ɗaya a rayuwa, amma kashi 5.6 ne kacal cikinsu ke kaiwa ga PTSD. Toh kaga yawancin mutane suna farfaɗowa, wannan a riƙe shi tun yanzu kar mutum ya karanta ya tsorata.

Abun da nake so mu duba shine, bugu ɗaya ne amma inda yake sauka ya bambanta. Yana sauka ne akan abun da mutum yake ginawa a wannan shekarun nasa. Mu ɗauka mota ɗaya ce ta kife da mutum biyar a ciki, jaririya 'yar wata takwas, yaro ɗan shekara bakwai, budurwa 'yar sha shida, babansu, da kakarsu, kuma duk suka fita da rai. Hatsari ɗaya, amma ciwo biyar zaka gani, kuma kowanne da sunan da mutane zasu laƙa masa wanda ba sunansa ba.

Jaririyar ba zata taɓa baka labarin hatsarin ba, gaskiya ne, sashen ƙwaƙwalwar da ke adana labari daki-daki, hifokamfas, bai gama ƙwari ba sai wajen shekara uku, shi yasa babu wanda ke tuna ranar da ya fara tafiya. Amma mai gadin nan da na faɗa yana aiki tun da wuri. Jikinta zai riƙe abun da bakinta ba zai iya ba, barcinta ya lalace, ta riƙa zabura, ta ƙi yarda a ajiye ta ko na minti ɗaya, ko kuma ta yi shiru fiye da ƙima wanda wannan ma yafi ban tsoro. Kuma abun da yafi komai tasiri a kanta shine halin da uwarta take ciki, domin jariri bashi da hanyar kwantar wa kansa da hankali, aron natsuwa yake yi daga wanda ke riƙe da shi. A lokacin yaƙin duniya na biyu Anna Freud da Dorothy Burlingham sun kula da yara a Landan ana ta ruwan bamabamai, abun da suka lura da shi shine ƙananan yaran da suka zauna da iyaye mata masu natsuwa a ƙarƙashin bam sun fi zama lafiya akan waɗanda aka raba da iyayensu aka kai su ƙauye wai don a tsare su. Rabuwar tafi bam ɗin taɓa su.

Babu inda aka ga wannan ƙarara kamar Romaniya. Shugaban ƙasar Nicolae Ceausescu ya hana zubar da ciki a 1966 don yana son yawan jama'a, talauci kuma ya sa iyaye suka riƙa miƙa 'ya'yansu gidajen marayu na gwamnati, da mulkinsa ya faɗi a 1989 sai duniya ta tarar da yara sama da 100,000 a waɗannan gidaje. Waɗanda suka shiga ɗakunan jariran sun ba da labarin wani abu da har yanzu idan na tuna tsigar jikina tashi take yi, ɗaki cike da jarirai amma tsit, babu mai kuka, sun daina ne saboda sun gane ko sun yi babu mai zuwa. Ba duka ake yi musu kullum ba, rashin ɗauka ne da rashin kallon ido da rashin mai amsawa. Michael Rutter da abokan aikinsa sun bi 165 daga cikin yaran da iyalai a Ingila suka ɗauka riƙo, sai suka ga waɗanda aka fitar kafin su yi wata shida a gidan marayun sun kamo sa'o'insu kusan a komai, waɗanda suka wuce wata shida kuwa da yawansu sun girma da matsalar maida hankali da matsalar mu'amala da mutane, irin yaron da zai bi kowane baƙo kamar ya san shi tun fil azal. Da aka yi musu hoton ƙwaƙwalwa sun zama samari aka ga tasu ta gaza ta sauran da kusan kashi 8.6 cikin 100. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, haka ne, amma tun yana ɗanye ma yake karkacewa. Daɗin abun dai shine wani binciken da aka fara a Bukares, babban birnin Romaniya, a 2000 akan yara 136 ya nuna waɗanda aka mayar hannun iyali kafin su cika shekara biyu sun farfaɗo sosai a hankali da magana da shaƙuwa.

Ɗan shekara bakwai ɗin nan shi kam ya gani kuma zai tuna, amma zai fassara abun ne da hankalin ɗan shekara bakwai, kuma a wannan shekarun yaro gani yake duniya a kansa take juyawa. Idan yana rigima a bayan mota kafin ta kife toh a ransa shi ya kifar da ita, kuma ba zai faɗa wa kowa ba, zai ta ɗauke da laifin shi kaɗai. Sai kaga ya koma fitsarin kwance bayan ya daina da daɗewa, ya koma tsotsar yatsa, ciwon ciki kullum da safe idan za a tafi makaranta a kai shi asibiti a auna ba a ga komai ba, malami yana bayani shi hankalinsa na kan ƙofa da taga. A nan ne ake fara sa masa suna, daƙiƙi, mai taurin kai, shagwaɓaɓɓe, har a haɗa masa da duka, wato ana zuba wa wuta fetur kenan.

A 1976 a wani gari da ake kira Chowchilla a jihar Kalifoniya wasu mutum uku suka tare bas ɗin makaranta suka sace yara 26 da direbansu, suka zuba su cikin wata babbar mota da suka binne a ƙarƙashin ƙasa, sun yi kusan awa 16 a ciki kafin suka tona suka fito da kansu. Aka duba jikinsu aka ga babu rauni aka ce lafiyarsu ƙalau kowa ya tafi gida. Bayan wata biyar wata likitar ƙwaƙwalwar yara Lenore Terr ta fara zama da su, kuma ta sake komawa bayan shekara huɗu zuwa biyar, babu ko ɗaya cikinsu da abun bai bar wa tabo ba. Ta lura da wani irin wasa da suke yi, su binne 'yar tsana ko motar wasa su tono su sake binnewa, wasan babu dariya babu daɗi a cikinsa, maimaici ne kawai. Ta kuma lura yawancinsu sun daina hango wa kansu tsawon rai, ka tambayi yaro me zaka zama idan ka girma ya nuna maka shi bai ɗauka zai kai can ba. Duk mai yaro da ya shiga wani tashin hankali, dan Allah ya riƙa kallon wasansa da zanensa, a nan yake magana.

Sai dai fa hatsarin mota sau ɗaya ne ya wuce. Wanda yafi muni shine wanda ake maimaitawa kullum kuma daga hannun wanda ya kamata ya zama mafaka, duka ba ƙaƙƙautawa, lalata da yaro, uba yana jibgar uwa a gabansa, mashayi a gida. Ina yaro zai gudu idan wanda yake tsoro shine wanda zai gudu wajensa? A 1985 wani likita a San Diyego, Vincent Felitti, yana da asibitin rage ƙiba, sai ya ga masu samun nasarar ragewa ne ma suke guduwa su daina zuwa, da ya zauna da su ɗaya bayan ɗaya sai ya gano da yawansu an yi lalata da su suna yara. Daga nan shi da Robert Anda na CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, suka tambayi mutum sama da 17,000 tsakanin 1995 da 1997 game da wahalhalun ƙuruciyarsu. Kusan biyu cikin uku sun gamu da aƙalla nau'i ɗaya, kusan ɗaya cikin takwas kuma huɗu ko fiye. Masu huɗu ko fiye ɗin nan an ga yiwuwar su zama mashaya giya ta ninka kusan sau 7, yunƙurin kashe kai sau 12, har ciwon zuciya ya ninka kusan sau 2. Kuma waɗannan ba talakawa tilis bane, yawancinsu masu ilimi ne masu inshorar lafiya. Amma a yi hattara da wannan lissafin, Anda da kansa ya ja kunne daga baya cewa alƙaluman na jama'a ne a dunƙule, ba a ɗaukar su a yanke wa mutum ɗaya hukuncin yadda rayuwarsa zata kasance. Emmy Werner ta bi yara 698 da aka haifa a tsibirin Kauai na jihar Hawai a Amurka a 1955 har suka manyanta, cikin waɗanda suka taso a gidaje masu wahala kusan ɗaya cikin uku sun zama manya nagari masu natsuwa, kuma abun da ta yi ta gani a tarihinsu shine akwai wani babba ko da guda ɗaya, kaka ko goggo ko malami, da ya riƙe su da gaske.

Budurwar 'yar sha shida ita ce za a fi yi wa mummunar fahimta a gidan, na tabbata. A shekarunta sashen da ke ingiza mutum ga motsin rai da neman jin daɗi ya riga ya kankama, amma sashen gaban goshi mai taka birki sai wajen shekara 25 yake kammala, ga shi kuma lokacin ne take tambayar kanta wacece ni, wa zan yarda da shi. Sai firgici ya faɗo a tsakiyar wannan. Ba zata zo ta ce tsoro nake ji ba, kunya ba zata barta ba, kuma bata son ƙawaye su ga ta fita daban. Abun da zaka gani shine ƙofa a kulle, tsawa akan abun da bai kai ya kawo ba, waya har asuba saboda tana tsoron rufe ido mafarkin ya dawo, wata ta fara shan ƙwaya ko maganin tari don ta samu barci, wata ta riƙa yankar jikinta, namiji kuma ya koma tuƙin ganganci da neman faɗa kamar mai cewa mutuwa ta zo ta same shi a tsaye. A ce ta lalace, a ce ya bi abokan banza. Bayan harin da aka kai sansanin matasa a tsibirin Utoya na Nowe a 2011 inda aka kashe mutum 69, an bi waɗanda suka tsira aka ga makinsu a makaranta ya faɗi kuma fashin zuwa aji ya ƙaru a shekarar da ta biyo baya, a ƙasar da ke da duk wani tallafi da kake tunani. Shekara ɗaya da aka rasa a wannan gaɓar tana iya canza layin da mutum zai bi gaba ɗaya, jarrabawar da bai zauna ba, sana'ar da bai koya ba.

Babansu ba zan daɗe a kansa ba don shi ne aka fi sani, abun yana dawo masa kamar yanzu yake faruwa, yana kauce wa hanyar da hatsarin ya faru, baya barci, ƙaramin motsi ya zabura. Abun da ba a cika faɗa ba shine nauyi. Shi ke tuƙi, don haka "da na sani" ce ke cin sa dare da rana, ga kuɗin asibiti, ga aiki dole ya koma, ga kowa shi yake kallo, babu lokacin da zai zauna ya ji ciwon nasa. Fran Norris da abokan aikinta sun tattara bincike 160 a 2002 akan mutum sama da 60,000 da bala'o'i suka shafa, suka ga yara 'yan makaranta sun fi manya jin jiki, a cikin manya kuma sau da yawa masu matsakaicin shekaru ne suka fi shan wahala, masu riƙe da yara a hannu ɗaya da tsofaffi a ɗayan. Namiji a irin wannan hali yakan koma shiru ko faɗa ko ya binne kansa cikin aiki, matarsa ta ce ya canza ba shi ta aura ba. Mata kuma PTSD tafi kama su, kusan ninki biyu na maza, kuma babban dalili shine irin abun da suke gamuwa da shi, fyaɗe da dukan cikin gida suna cikin abubuwan da suka fi barin tabo. Haihuwa mai wuya ma tana yi, mace ta ga mutuwa da idonta a ɗakin haihuwa kowa na murnar jariri babu mai tambayarta ita ya take.

Wani abu akan taimako kafin in zo ga kaka. Tilasta wa mutum ya zauna ya zazzage duk abun da ya faru a kwanakin farko baya hana PTSD, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce kar a yi, haka kuma ta hana ba da ƙwayoyin kwantar da hankali irin su diyazefam don wannan matsalar a watan farko. A farko abun da ake buƙata shine tsaro, barci, mutanen da ya yarda da su a kusa, da kunnen da zai saurara idan shi ya so magana. Idan an wuce wata guda abun bai lafa ba ko yana hana shi rayuwa, akwai maganin zama da ƙwararre wanda aka gwada aka ga yana aiki, inda ake bi da mutum a hankali ya fuskanci abun har ƙwaƙwalwa ta yarda cewa ya wuce, na yara kuma tare da iyaye ake yi. Wanda ya fara maganar kashe kansa kuwa ba a jira, asibiti ne a ranar.

Toh kaka. Mutane suna ɗauka tsoho ya ga jiya ya ga yau babu abun da zai girgiza shi, kuma akwai gaskiya a ciki, tsofaffi da yawa sun fi 'ya'yansu juriya idan bala'i ya zo saboda sun taɓa ganin an faɗi an tashi. Amma akwai wani ɓangaren da ke bani tausayi matuƙa. Hatsarin yau yana iya buɗe ƙofar wani abu da ta rufe shekara hamsin da suka wuce wanda ko 'ya'yanta basu san da shi ba. Duk tsawon shekarun nan hidima ce ta danne shi, raino, aiki, kai da kawo, yanzu an yi ritaya, miji ya rasu, ƙawayen da suka san labarin sun ƙare, ƙafa ta ƙi, dare ya yi tsawo, sai abun ya samu fili. An ga haka a tsofaffin sojojin yaƙin duniya na biyu da suka yi shekara arba'in lafiya lau sai bayan sun ajiye aiki mafarkin fagen daga ya dawo musu. Kim Hak-sun, 'yar Koriya da sojojin Japan suka tilasta wa bautar lalata tana budurwa, sai a 1991 ta iya fitowa ta faɗa a bainar jama'a, bayan kusan shekara 50 tana shiru.

Idan kuma ciwon mantuwa ya shigo abun yafi tsanani, domin yana fara cinye sabon tunani ne ya bar tsoho, kuma yana raunana birkin da mutum ya daɗe yana danne abun da shi. Wani bincike da Kristine Yaffe ta jagoranta a 2010 akan tsofaffin sojojin Amurka kusan 181,000 ya nuna masu PTSD sun kusa ninka sauran wajen kamuwa da ciwon mantuwa. Masu kula da tsofaffin da suka tsira daga sansanonin azaba na 'yan Nazi na Jamus a yaƙin duniya na biyu sun sha ganin tsohuwa tana ɓoye abinci ƙarƙashin matashin kai ko tana ihu idan za a kai ta wanka, tsoho yana firgita da ganin mai kayan sarki ko jin an kulle ƙofa daga waje. Tsohuwar da aka taɓa yi wa fyaɗe tana yarinya zata iya kai wa jikarta duka lokacin da take cire mata riga don ta canza mata, a ce rikicin tsufa ne, alhali ita a wannan lokacin ba jikarta take gani ba. Masu jinya da suka fahimci haka suna canza salo ne kawai, su yi sallama su tsaya ta gabanta inda zata gan su, su faɗi sunansu, su gaya mata abun da zasu yi kafin su taɓa ta, su bar mata mayafi a jiki lokacin wanka, mace ta kula da mace, idan ta ce a'a a dakata a dawo anjima. Idan kuma ta fara ba da wani labari da ba a taɓa ji daga bakinta ba, ko da ta maimaita shi sau goma a rana, a ja kujera a zauna a bari ta kai ƙarshensa.